Ɗorawar Gwaggo

A ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa, gona daban take, itacen da ke cikinta daban. Mutum yana iya gadon gona, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma ta wani ce. Za ka yi noma har gindinta, amma ba ka da ikon tsinkar ko ɗaya daga 'ya'yanta. In lokacin ɗiba ya yi, mai ita zai zo da ƙugiyarsa, ba izini zai nema ba, sallama kawai zai yi maka ya wuce. Haka muka taso muka tarar.

Gonar da mahaifina ya bar mini akwai ɗorawa uku a ciki, kuma duka na Gwaggo ne, yayar mahaifina. Kakanmu ne ya ba ta su da bakinsa a gaban mutane tun yana raye. Mijinta ya rasu da wuri, 'yarta guda ɗaya kuma tana aure a Babura, don haka da ɗorawar nan take ci take sha. In bazara ta yi sai ta ɗebo 'ya'yan, ta ɓare, ta daka ta fitar da garin nan rawaya, ta wanke kalwa. Kalwar take dafawa wuni guda, ta surfa, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye har ta yi, sannan ta daka ta shanya. Duk ranar kasuwar Gwiwa za ka gan ta da faifan daddawa a ka. Ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba.

Ni na kashe ɗorawar nan, duka ukun, a ɓoye. Abin da na zauna in rubuta ke nan, da ɗan karatuna da bai wuce aji huɗu na elementare ba.

Ina ajin ƙarshe aka samu mulkin kai, aka raba mana tuta a makaranta a Kazaure. Daga nan na dawo gida na kama fartanya. Na yi aure, mahaifina ya rasu, ina nan dai a gona har shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar. Sa'annina suna tafiya Kano da riga ɗaya su dawo da rediyo da agogo, wani har da babur. In sun zo sallah suka zauna a dandali suna hira, ni sai in ja gefe in ɓoye tafin hannuna saboda kanta. Babur nake so. Ba yunwa ce ta sa ni ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Rumbuna da gero a lokacin.

A shekarun nan burodi ya zama abincin kowa a birni, gidajen burodi kuwa da itace suke gashi. Sai manyan motoci suka fara shigowa ƙauyukanmu neman itace. Doka ta hana a sare ɗanyen itace, musamman ɗorawa da tsamiya da gawo. Akwai malamin daji da ke zagayawa a kan keke, in itace ya bushe da kansa sai ya duba, ya ba da takarda, a sare. Wani mai mota da ya saba zuwa wajenmu, mutum mai faran-faran da yawan goro, shi ya tsaya wata rana a bakin gonata yana kallon babbar cikin ɗorawar nan uku.

"Samari, waccan ƙatuwar ta wace ce?"

Na ce ta gwaggona ce.

"A gonarka?"

"A gonata."

"Kai ke noma, inuwa na cinye maka gero, tsohuwa na kwashe kalwa. Lallai Allah ya yi maka haƙuri." Ya yi dariya ya miƙo mini goro. "Ita kaɗai sai ta cika motar nan sau biyu."

Na ce ai ɗanya ce, malamin daji ba zai yarda ba.

"To ɗanye ba ya bushewa ne?"

Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ba a taɓa jikin itacen inda ido ke gani. Ƙasa ake tonewa a gindi, kamar taki ɗaya, a sassaƙe ɓawon a zagaye kaf, kada a bar ko siririn zare da ya haɗa sama da ƙasa, sannan a mayar da ƙasa a daddanne. Shi ke nan. Sauran aikin, in ji shi, na Allah ne da rana.

An ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na daɗe ina ɓuya a bayan wannan karin maganar. Amma mutumin nan zane kawai ya yi ya hau motarsa ya tafi. Wata biyu na yi ina juya maganar ni kaɗai, babu wanda ya matsa mini.

Bayan an gama girbi, ranar kasuwar Gwiwa, gari ya watse. Na ga fitar Gwaggo da faifanta, har na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, ba ka zuwa kasuwa?" Na ce kaina ke ciwo. Da hantsi na ɗauki fartanya da gizago na nufi gona. Ɓawon ɗorawa kauri gare shi, cikinsa ja ne, kuma yana fitar da wani ruwa mai danƙo. Ina sara ina ɗaga kai, ko kukan kurciya na ji sai in dakata. Kafin azahar na zagaye ta. Na mayar da ƙasa, na tsince ɓawon ɗaya bayan ɗaya na zuba a hula, na kai bayan dutse na cusa a wani rami. Na dawo na jingina damin kara a gindin. Na je na yi sallar azahar a sahun gaba.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Kullum da safe sai na je na duba ko awaki sun ture karan, ko wani abu ya tone ƙasar. Matata ta fara tambaya me nake nema a gona da rani. In na hango mutum biyu tsaye kusa da gonar suna magana, sai in tsaya daga nesa har su tafi.

Abin da mai mota bai gaya mini ba shi ne, itacen da aka yi wa haka ba nan take yake mutuwa ba. Da lokacin fure ya yi, ɗorawar nan ta yi furen da ba ta taɓa yi ba, jajaye kamar tuntun hula, ƙudan zuma har ba a iya tsayawa a ƙarƙashinta. Ta yi 'ya'ya har rassa suka sunkuyo. Gwaggo ta kasa ɗiba ita kaɗai, sai da ta aika Babura 'yarta ta zo.

Ita 'yar Gwaggo taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ina ce mata baiwata, tana ce mini ubangidan tsiya. Ta same ni a gona ina riƙe musu ƙugiya.

"Ubangidan tsiya, yaya na ga ka rame? Ko matar taka ta gane ba ka da ko akuya ta daina ba ka tuwo?"

Na ce, "Baiwa ba ta tambayar ubangidanta. Kama aiki."

"Inna, dubi idonsa. Wallahi kamar wanda ya ci kazar maƙwabta."

Gwaggo ta ce, "Ke bar mini ɗa ya huta."

Taubashiyar tawa ta ture damin karan da ƙafa ta zauna a kan ƙasar da na daddanne, ta jingina da itacen tana ɓare ɗorawa tana ci. Na yi dariyar da ta kamata. A shekarar Gwaggo ta aiko wa matata daddawa cike da ƙwarya. Kowace miya aka yi a gidana da ita aka yi har damina.

Daminar kuwa ba ta zo da kyau ba. Shekarun farin nan ne da duk wanda ya kai shekaruna yake tunawa. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Hadari zai haɗu ta gabas, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi. Sauran ɗorawa biyun suka yi sabon ganye duk da haka. Babbar ta fitar da 'yan ƙanana, suka yi rawaya, suka zube.

Gwaggo ta ce ƙishi ne. Rijiyar garin a lokacin ta ja ƙasa, sai an ƙara igiya, a jira ruwa ya taru. Tsohuwar nan ta riƙa bin layi ta cika tulu, ta ɗauka a ka har gona, ta juye a gindin ɗorawa. Safe da yamma. Na ce mata, "Gwaggo, ki huta. Itace kamar wannan ina ruwan tulu zai kai masa?"

Ta ce, "Ubana ya ba ni ita. In za ta mutu, kada ta mutu ina zaune."

Wata safiya na tarar da ita da 'yar fartanya a hannu. Ta ce ruwan gangarewa yake yi, za ta yi masa gurbi a gindi ya riƙa tsayawa. Har ta kai sara ɗaya. Ban san lokacin da na fizge fartanyar ba.

"Kawo, Gwaggo, ina raye ba za ki yi tono ba."

Na ja baya kamar taku huɗu daga jikin itacen na fara haƙa a can. Na ce mata a makaranta an koya mana cewa saiwa daga nesa take sha, in aka zuba a jiki ruɓewa take yi. Ba a koya mana komai irin wannan ba. Na haƙa mata gurbi mai kyau a zagaye, na ɗauki tulun na juye da hannuna. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka." Na ce amin. Daga ranar ni nake ɗebo mata tulun yamma, don kada ta je gonar ba na nan.

Da rani ya zagayo ɗorawar ta bushe har ƙoli. Gwaggo da kanta ta ce in kira malamin daji. Ya zo ya jingine kekensa, ya ƙwanƙwasa jikinta da sanda, ya karya reshe ya duba. Ina tsaye a bayansa ina kallon takalminsa, yatsun ƙafarsa a kan wurin da na tone. Ya ce, "Farin nan ya kashe itatuwa da yawa bana. Sai haƙuri, Iya." Ya rubuta takarda. Kwana uku muka yi muna sara da gatari ni da wasu mutum biyu. Gwaggo ba ta zo ba. Da motar ta tafi na tara ƙirare a kan kututturen na cinna wuta, na ce don garma ta samu hanya ne. Abin da mai mota ya bayar na kai mata wani abu daga ciki, ta karɓa tana yi mini godiya.

Da a nan na tsaya, da sai in ce shaiɗan ne ya rinjaye ni sau ɗaya. Shekarar da ta biyo na yi wa ta biyu. Ta ukun ko waige ban yi ba lokacin da nake sassaƙarta. Gwaggo ba ta ɗauki tulu ba a kansu. Takan zo ta tsaya a bakin gona ta daɗe, ta juya.

Na sayi babur. Mai mota ya mayar da ni idonsa a yankin, ni ke shiga ƙauyuka in nemo masa itace. Na bi gindin duwatsun Roni, na bi ƙauyukan Gwiwa, na kai har wajen Achilafiya. Inda babu busasshe sai in tsuguna in yi wa mai gona zanen da aka yi mini. Wasu suka ƙi. Wani Bafulatani dattijo da ke sauka da shanunsa kusa da mu duk rani ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "In ka gama da su, a inuwar babur za ka zauna?" Da yawa kuwa suka karɓa, kuma su ma suka koya wa wasu. Marke, kanya, tsamiya, har gawo da ke takin gona. Ba ni kaɗai ke wannan sana'a ba, amma a yankinmu ni na kai ta.

Ba a rana ɗaya aka ga abin ba. Da, in ka tsaya a gonata ba ka hango ƙauyen da ke gaba da mu saboda itatuwa. Wata rana na ɗaga kai sai ga rufin kwanon masallacinsu yana walƙiya. Iskar farkon damina ta riƙa zuwa babu abin da ke tare ta, ta kwaso rairayi ta binne shuka. Ruwa in ya sauka a kan duwatsu sai ya gangaro da gudu, ya tsaga gonaki. Akwai kwazazzabo yanzu a gefen gonata da zai haɗiye raƙumi, a wurin da nake bi da ƙafa ina yaro. Wurin da ɗorawa suke, inda mai mota ya ce inuwa ke cinye mini gero, shekara biyu ya yi kyau, daga nan ƙasar ta yi fari ta mutu.

Sai da na tsufa na fara jin ana maganar sauyin yanayi a rediyo. Masu ilimin suna cewa babban dalili shi ne hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da ake ƙonawa a masana'antu da motoci, mafi yawa a manyan ƙasashe. Hayaƙin yana taruwa a sama ya riƙe zafi, damina ta rikice. Suna cewa itace mai rai yana shan wani ɓangare na hayaƙin nan, in aka sare shi aka ƙona sai ya mayar da abin da ya sha. In aka yi wannan bayani a majalisarmu ta ƙofar gida, wani zai ce, "To mu ina ruwanmu? Ko injin niƙa ba mu da shi a lokacin." A yi dariya. Ba ni da ilimin da zan ce ɗorawa uku sun hana ruwan sama, kuma na san farin farko ya zo tun itacen yana tsaye. Wataƙila abin da na ƙara a cikin hayaƙin duniya bai kai a auna ba. Amma na san mota nawa na loda, kuma duk shekarar da damina ta yi jinkiri, in na ga jikokina suna kallon gabas, sai in tuna ranar da malamin daji ya zo.

Gwaggo ta gwada sayen kalwa a kasuwa tana daddawa, abin bai fitar da ita ba. Ta jingine faifan. Ƙarshe 'yarta ta zo ta ɗauke ta suka koma Babura. Nakan hau babur in je gaishe ta da sukari da sabulu, wani lokaci turmin zane. Kowane zuwa da niyyar faɗa nake tafiya. Tun daga hanya nake shirya maganar. In na durƙusa a gabanta ta fara sa mini albarka, sai in ce bari sai wani zuwan. Shekara da shekaru ina haka.

Ranar da na iya buɗe baki, tsufa ya riga ya ruɗa ta. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, 'yarta ta shiga maƙwabta. Na matsa kusa na ce, "Gwaggo, ɗorawarki ba fari ne ya kashe su ba. Ni ne. Na tone gindinsu na sassaƙe. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Auta, yaushe ka zo?"

Auta mahaifina take nufi, shi ne ƙaraminsu. Na ce ba shi ba ne, ɗansa ne. Na sake faɗa mata daga farko, a hankali.

Ta kama hannuna ta ce, "Auta, kada ka saurari mutane. Yaron nan naka ba zai yi haka ba. Yaron kirki ne." Sai ta tambaye ni ko an kawo mini ruwa.

Ba ta ƙara wata uku ba ta rasu.

Na je wajen wani malami a Kazaure da bai san ni ba, na gaya masa komai. Ya ce tuba tsakanina da Allah ƙofarta a buɗe take, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Tunda ta rasu, in je wajen magajinta. Bayan sadakar arba'in na koma Babura. Na tarar da taubashiyata a tsakar gida tana tsince wake a faifai.

"Ubangidan tsiya, in tuwo ka biyo an sha miyar."

Na ce magana na zo da ita. Na zauna a ƙasa, ban jira ta shimfiɗa tabarma ba. Na faɗa mata duka, da mai mota, da gizago, da ranar kasuwa.

Ta yi dariya. "Kai dai ba ka da kunya. Ko ƙasar kabarin tsohuwa ba ta bushe ba za ka zo mini da wasa?"

Ta dube ni, dariyar ta tsaya. Ta ajiye faifan. Kaji suka zo suna cin waken, ba ta kore su ba.

Can ta ce, "Ka san abin da ta ɗauka? Cewa take wani zunubi ta yi, shi ya sa Allah ya karɓe kyautar ubanta ɗaya bayan ɗaya, ya bar na mutane. Tun da na kawo ta gidan nan take azumin Litinin da Alhamis a kan haka. Ina hana ta tana yi. Har ta fara ruɗewa tana tambayata, wai ko na san wanda ta zalunta a awo."

Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

"Ina za ka sani."

Na ce ta faɗi duk abin da take so in biya, ko gonar ce gaba ɗaya.

"Gonar da ka kashe?" Ta share ido da gefen zane. "Abin da zai zo hannuna na gado a ciki, na yafe, don zumunci da darajar Kawu. Nata kuwa ba a hannuna yake ba. Ba ni na yi azumin ba. Wannan sai kun haɗu."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zaci shi ke nan, sai ga ta da kwanon fura ta ajiye a gabana, ta tsaya har na kurɓa. Ta rako ni zaure, ta tsaya daga ciki ina tayar da babur.

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Mun ci gaba da zumunci, biki da suna da gaisuwar mutuwa babu wanda ya wuce mu. In mun haɗu takan gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Malam take ce mini har ta rasu.